Tambayar Da Ban Yi Wa Malam Almu Ba

Malam Almu mai gyaran keken ɗinki ya rasu ranar wata Talata cikin damina, yana da shekara sittin da biyu. Ciwon dajin hanta ne ajalinshi. Teloli sun rufe rumfunansu a Babbar Kasuwa sun bi gawa, duk wanda ya yi magana a wurin ta'aziyya kuma ya ce mutumin kirki ne. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai ni na san wani abu da ba su sani ba, kuma akwai hannuna a cikin yadda ya ƙare. Na canza sunaye, na rubuta da izinin mai haƙƙin ba da izini.

Sunana Babaji. Ƙaramin ma'aikacin lafiya ne ni a wani asibiti nan Katsina. Shekara ashirin da takwas ina ɗaukar jini, ina ɗora mutane a sikeli, ina cike takardu. Mutanen gari na ce mani likita, ni kuwa na gaji da gyara masu.

An haifi Almu a Ƙofar 'Yandaka. Ubanshi tela ne, amma shi tun yana ƙarami ɗinkin bai dame shi ba, keken ne ya dame shi. An ce ya taɓa kwance keken uban ɗungurungum ana saura kwana huɗu Salla, ya sha duka, sannan ya mayar da shi kafin la'asar, keken ya daina tsinka zaren da ya shekara yana tsinkawa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya tafi Kaduna ya samu aiki a wata masaƙa, ɓangaren masu gyaran inji. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a can. Can ya kai matarshi Lailatu bayan an ɗaura masu aure a gida, can suka haifi 'ya'yansu huɗu. Can kuma ya haɗu da Elisha, mutumin kudancin Kaduna, wanda ke kula da layin injin da ke kusa da nashi.

A masaƙar ya fara shan giya. Daga baya ya gaya mani cewa ƙarar injuna ce ba ta barin kunnenshi ko ya tashi aiki, wani ya ce mashi kurɓi biyu na kashe ta, kuma ta kashe ɗin. Da aka rufe masaƙar, aka sallame su ba shiri, kurɓi biyu ya daina isa. Ya kwaso iyalinshi ya dawo Katsina, ya kama rumfa a layin teloli. Bayan shekara biyu Elisha ya biyo shi, don shi ma Kaduna ta ƙi shi, Almu ya tsaya mashi ya samu rumfar da ke jikin tashi, yana sayar da zare da maɓalli da zif. Almu na kiranshi Fasto, ko da yake dattijon coci ne kawai. Shi kuma yana kiran Almu Injiniya.

A aiki ba ya da na biyu. Ba ya tambayar tela abin da ke damun keke. Sai ya ce a taka, ya karkata kai ya saurara, ya ce kwarkwaro ne ya ci, ko haƙori ne ya sauka, ko kuwa mai keken ne ba ya sa mai. Wannan na ƙarshe shi ya fi faɗa. Yana da kwalabe biyu a ƙarƙashin tebur, irin na man keke, ruwan cikinsu launi ɗaya. Ɗaya mai ce. Ɗayar, mai baƙin zare ɗaure a wuya, ita ce yake juye giyar leda a ciki. A garin nan ba a sayar da ita a fili, amma mai nema yana samu. Kullum akwai kanumfari a aljihunshi, yana tauna kafin ya kama hanyar gida. Ba a taɓa ganin shi yana tangaɗi ba, ba ya fashin jam'i. Tsoronshi ɗaya ne a duniya: kada Lailatu ta sani.

Ni ban san ko ɗaya cikin wannan ba lokacin da na fara haɗuwa da shi.

Shekara uku da suka wuce wata likita, Dakta Ramla, ta fara wani bincike a asibitinmu. Tana so ta gano yadda giya da rashin cin abinci mai gina jiki ke raunana garkuwar jiki, da yadda hakan ke buɗe wa ciwon daji hanya, musamman na hanta da na maƙogwaro. Maza ɗari huɗu ake nema, 'yan shekara arba'in zuwa sama. Duk wata shida a ɗauki jininsu, a auna nauyinsu, a tambaye su abin da suke ci. Na'urar hoton ciki ɗaya ce gare mu, ba za ta isa kowa ba, don haka aka ce waɗanda suka amsa suna sha su ne za a riƙa yi wa hoton hanta duk wata shida, tunda su suka fi shiga haɗari.

Mu biyu aka ɗora wa cike takardun. Dakta ta zaunar da mu kwana biyu tana koya mana, ta maimaita ya fi a ƙirga: a yi kowace tambaya, da baki, a keɓe, ba kowa a wurin. Muka gyaɗa kai. Da muka fita cin abinci muka yi dariya, muka ce baiwar Allah ta daɗe wajen karatu, ta manta garin da ta fito.

Ranar da na je gidan Almu da hantsi ne. Wakilin mai unguwa ne ya raka ni, haka ake yi, in ba haka ba ba wanda zai ba ka hannunshi ka tsira mashi allura. Limamin unguwar ma ya gan mu ya biyo mu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da aiki da ruwa da gajiya. Na ɗauki jini, na ɗora shi a sikeli, kilo sittin da ɗaya. Na fara tambayoyi. Shekaru, sana'a, taba, goro. Sai na iso ta goma sha huɗu: kana shan giya, ko ka taɓa sha?

Na ɗaga kai. Farin gemu, tabon sujada a goshi, liman na zaune kafaɗa da kafaɗa da shi, ga motsin uwargida a bayan ƙofar cikin gida. Na ji kamar in na buɗe baki na zage shi ne a gidanshi. Na sa alama a gurbin a'a, na wuce ta goma sha biyar, tambayar barci.

Da aka zo tambayoyin abinci ya yi dariya ya ce a tambayi mai tukunya. Lailatu ta amsa daga bayan ƙofa: koko da ƙosai da safe, da rana ana kai mashi kula kasuwa, shinkafa da wake ko dambu da zogale, da yamma tuwo, nama sau biyu ko uku a mako. Na rubuta duka. A takarda, Malam Almu na cikin waɗanda suka fi kowa cin abinci mai kyau a binciken.

Da la'asar ranar na cike wa Elisha tashi takardar a gidan da yake haya. Na ga sunan, na ga garin da ya fito, na ga hoton coci a bango. Da na iso ta goma sha huɗu ko kai ban ɗaga ba. Na sa alama a gurbin eh.

Shekara biyu da rabi aka yi a haka. Elisha na zuwa hoto duk wata shida, hantarshi garau. Almu kuwa jini da sikeli kawai. Sittin da ɗaya ta koma hamsin da takwas, ta koma hamsin da biyar. Tari ya kama shi ya ƙi saki. Bakinshi ya yi ta fitar da gyambo. Allurar keke ta soke shi a yatsa, ciwon da ya kamata ya warke cikin mako ya kai wata biyu yana ruwa. Duk na gani, duk na rubuta. Na ce mashi ya ƙara cin abinci.

"Likita, sikelinka ne ke son mai," in ji shi. "Kawo shi rumfa in kwance shi, kyauta."

Na yi dariya na saka sikelin a jaka.

Elisha ne ya tone abin, ba da niyya ba. Wata safiya yana zaune a benci yana jiran a kira shi hoto, ya tambaye ni yaushe layi zai zo kan Injiniya, don shi wannan zuwanshi na biyar ke nan, abokinshi ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Na ce mashi ai hoton na masu sha ne kawai.

Ya juyo ya kalle ni.

"Masu shan mi?"

Na faɗa mashi.

"Malam Babaji, shekarata sittin da huɗu. Ubana giya ta kashe shi ina ɗan shekara tara, na rantse a kan kabarinshi. Ko a ɗaurin aure ban taɓa sa ta a baki ba. Wa ya ce maka ina sha?"

Na ce ba kowa.

"To wa ka tambaya?"

Ya miƙe ya naɗe katinshi ya sa a aljihu. Na zaci zagi zai biyo, kuma da na karɓa. Amma ba fushin kanshi ne a fuskarshi ba, tsoro ne. Ya ce shi ba zai faɗi maganar kowa ba, ba a bakinshi za a ji ba. Ya ce in ina da sauran hankali in koma in tambayi mutane da bakina, kuma in fara da rumfar da ke jikin tashi, yau ba gobe ba.

Na isa kasuwa ana shirin azahar. Ban shiga ba tukuna, na tsaya daga rumfar wani mai yadi ina kallo. Mai babur ya kawo kula daga gida. Almu ya karɓa, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya miƙa wa Nu'uman mai guga da ke bayanshi, kamar abin da aka saba. Nu'uman ya cinye, ya wanke kular, ya dawo da ita. Almu ya ɓare goro. Can ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman sukundireba, ya ɗan jima, ya ɗago yana share gemu.

Na shiga, muka gaisa. Na roƙi telan da ke jiran kekenshi ya ba mu wuri. Na zauna a kan wani kan keke da aka kife, na fito da takardar, na karanta mashi tambaya ta goma sha huɗu yadda take a rubuce.

Bai firgita ba. Ya ajiye abin da ke hannunshi a hankali.

"Shekara biyu da rabi tambayar nan na bisa hanya?" ya ce. "Ai na gan ta ranar. Na iya karatu, likita. Ina kallon bironka ya tsallake ta kamar mai tsallake kwata."

Na tambaye shi, da na yi ta ranar, da zai faɗa mani gaskiya?

"Gaban liman? Ban sani ba. Ƙila in ce mu fita waje. Ƙila in yi maka ƙarya." Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. "Amma da ƙaryar tawa ce. Wannan kai ka yi mani ita."

Ya jawo kwalbar mai baƙin zare ya ajiye a kan tebur tsakaninmu. Ya ce shekara talatin da bakwai ke nan yana sha. Ya ce abincin rana ya fi shekara goma bai ci ba, in ya sha ba ya jin yunwa, na yamma kuma loma uku yake yi ya ce ya ƙoshi a kasuwa. Ya ce da safe in bai kurɓa ba hannunshi ba ya iya zura zare a allura.

Washegari aka yi mashi hoto. Ina tsaye a bayan mai na'urar. Ba sai an yi mani bayani ba, na ga irin wannan da yawa. Ƙullutun ya kai dunƙulen hannu, ga wasu ƙanana sun watsu a gefe.

Na je ofishin Dakta Ramla na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mani sauƙi. Ta jawo sakamakon jinin Almu na shekara biyu da rabi ta jera a tebur. Ta ce ta daɗe tana kallon lambobin mutumin nan suna ba ta mamaki: ga wanda ba ya sha, yana cin wake da zogale da nama, amma jininshi na nuna hanta na wahala, garkuwar jikinshi na ta sauka. Har ta fara tunanin ko wani abu ne sabo ta gano. Ashe ba abin da ta gano sai kunyata.

Ta yi mani bayanin da na riga na ji a wurin horo ban saurara ba. Giya na ƙona hanta a hankali har ta yi tabo, a cikin tabon ne daji ya fi tsirowa. Tana kuma kashe sha'awar abinci, abin da aka ci ma ta hana jiki ya amfana da shi yadda ya kamata. Jikin da ba ya samun abinci ba ya iya tsare kanshi, ƙaramin ciwo ya zama babba, abin da jiki zai iya kamawa tun yana ƙarami ya wuce ba mai tare shi.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni. Da an yi mashi hoto tun farko, da ya tsira?

"Ba zan rantse maka ba, Malam Babaji," ta ce. "Wani ana gani da wuri kuma ya tafi. Amma da muna da abin yi. Yanzu ba mu da shi, sai rage mashi zafi."

Ta tambaye ni mutum nawa na cike wa takarda. Ɗari biyu da goma sha biyu. Nawa na yi wa tambayar da baki? Na ce ba su wuce talatin ba, su ma waɗanda na ga alama a idonsu. Ta rufe fuska da hannu biyu. Sannan ta ce za ta rubuta abin da ya faru ga waɗanda ke sa ido kan binciken, da sunana a ciki, kuma kafin su yanke abin da za su yi da ni in ɗauki jakata in koma gida-gida.

Gyaran takardar Almu sai da yardarshi. Na same shi a gadon asibiti, an kwantar da shi kwana shida don a raba shi da kwalbar a hankali, tunda yankewa lokaci ɗaya na iya kayar da wanda ya daɗe yana sha kamarshi. Ya ce in rubuta, kuma in rubuta daidai: shekarar da ya fara, yawan abin da yake sha a yini, abincin da yake ci na gaskiya. Ya ce inji ba ya gyaruwa in mai shi na ɓoye inda ke ƙara. In likitar za ta amfana da shi ta gane wani abu, to ta amfana.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce, ya kama hannun rigata. "Uwar 'ya'yana kada ta ji. Ku ce mata hanta ce, ai ba ƙarya ba ne. Shekara arba'in tana ganina da daraja. Ku bar ni in tafi da wannan."

Na yi mashi alkawari. Dakta ma ta ce sirrin mara lafiya nashi ne.

Wata huɗu ya ƙara. Bai sake komawa kasuwa ba. Ya sa aka kwaso mashi kawunan keke bakwai da mutane suka bari a rumfarshi, aka jera a zaure, yana gyara su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, wani ya ɗauke shi yini, wani mako biyu. Idonshi ya yi rawaya, ciki ya kumbura, hannuwa suka zama kamar kara. Abin da ya fi ci mani rai shi ne yanzu ne yake son abinci. Yakan ce yana jin ƙamshin dambun Lailatu tun daga tsakar gida har yawunshi ya tsinke. A kawo, ya yi cokali biyu, ya ture. Martha matar Elisha na aiko da kunun acca, Lailatu na dama na gyaɗa, ana jera kwanoni a gabanshi kamar ranar suna, ana kwashe su yadda aka kawo.

Elisha na rufe rumfa da azahar kullum ya zo ya zauna da shi. Rabin zaman faɗa ne. Almu ya ce Fasto ya sha hoton hanta biyar na banza, hantar da ko barkono ba ta sani ba. Elisha ya ce ai gara shi, an gan shi ciki da waje an tabbatar ba ya da mugun abu, Injiniya fa? Sukan yi dariya har tari ya tsayar da Almu. Wata rana na tarar da Elisha shi kaɗai a waje, jingine da bango. Ya ce mani shekara talatin yana yi wa mutumin nan wa'azi a ɓoye, ya ɓoye mashi kwalba, ya zubar, ya yi fushi ya daina yi mashi magana wata guda. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, bai faɗa wa wanda zai iya yin wani abu ba. Yana ganin amana ce.

Keke na bakwai Almu bai iya juya sukundireba ba. Elisha ya riƙe, shi kuma yana kwance yana cewa dama, kaɗan, ya isa, kai Fasto za ka kashe wa mutane keke. Aka ɗora keken a tebur aka taka, Almu ya rufe ido ya saurara, ya ce a kai wa mai shi. Bayan kwana tara ya rasu, da hantsi.

Ni a watannin nan ina yawo. Kowane mutum sai na fitar da shi daga zaure, mu tsaya gindin bishiya ko cikin mota, in yi mashi tambayar ina kallon idonshi. An zage ni. Wani Alhaji a GRA ya ce in fita mashi daga gida kafin ya sa a fitar da ni. Amma cikin waɗanda na rubuta wa a'a, goma sha tara sun ce eh, wasu da kuka. Cikin Kiristocin da na rubuta wa eh, fiye da rabi ba su taɓa sha ba. An yi wa sha taran nan hoto. Ɗaya, Idi mai walda, an ga ƙullutu ƙarami, an tura shi an yi aiki, yana nan da rai. In ya hango ni a hanya sai ya tsallaka titi. Ban damu ba, ya tsallaka da ƙafarshi.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, aka ce uwargida na son magana da ni. Na tsaya a zaure, a daidai inda na zauna ranar farko. Tana bayan ƙofar nan dai, cikin takaba. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta yi godiyar ɗawainiya. Sannan ta ce akwai saƙon da take so in kai kasuwa.

"Kwalabe biyu ne a ƙarƙashin teburin Malam. Ɗaya mai ce, a ba Baban Mercy, zai yi amfani da ita. Mai baƙin zaren a zubar, kada wani ya ɗauka."

Baban Mercy shi ne Elisha.

Ta ce tun Kaduna ta sani. Ita ke wanke kayanshi. Kular da ake dawo mata da ita kuma wankakka take dawowa tas, alhali Malam ko kofin shayinshi bai taɓa ɗaurayewa ba. Ta ci gaba da zubawa kullum, ko Allah zai sa wata rana ya ci.

Na tambaye ta abin da ya hana ta yi mashi magana.

"Mutumin da ya shekara talatin yana tauna kanumfari saboda ni, in ce mashi wahalar banza yake? Abin da ya rage mashi ke nan bayan masaƙa." Sai ta ci gaba. "Ranar da ka zo da takarda ina nan wurin. Mata sun faɗa a unguwa cewa akwai tambayar a ciki. Na bar tukunya a wuta na zo na tsaya. Na ce yau wani zai faɗe ta a fili, ba ni ba, ba shi ba, likita ne, dole a amsa. Ina ji kana tambayar goro, sai na ji ka koma maganar barci."

Ba zargi a muryarta. Ta ce abinci ma abin da ta dafa aka tambaye ta, shi ta faɗa.

Can ta ce, "Malam Babaji, tsakaninka da Allah. Ya tafi yana zaton ban sani ba?"

Na ce eh. Har ranar ƙarshe.

"To alhamdu lillahi," ta ce. Na ji ta jingina da ƙofar, sannan na ji takunta ya yi cikin gida.

Na wuce kasuwa. Elisha ya buɗe mani rumfar. Kwalaben na nan inda suke, ƙura ta hau su. Na miƙa mashi tashi, na faɗa mashi wadda ta ce a ba shi da abin da ta ce a yi da ɗayar. Ya zauna a kan benci ya riƙe kwalbar da hannu biyu. Na fita bayan rumfa na juye mai baƙin zaren a kwata. Ko rabi ba ta kai ba.

Har yanzu ba a yanke abin da za a yi da ni a wurin aiki ba. Na koma na ɗauki jakata da sikeli. Saura mutum goma sha ɗaya ban tambaya ba, na farkonsu limamin unguwar su Almu ne.